Darasi na 9: Dabbobi Masu Shayarwa da ke Yin Ƙwai

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya faɗin siffofin da ake gane dabba mai shayarwa da su, ya ambaci waɗanda ke yin ƙwai a cikinsu da ƙasashen da suke zaune, ya kuma bayyana yadda suke renon 'ya'yansu da irin haɗarin da suke ciki a yau.

Fatar da aka zaci jabu ce

A shekarar 1799 wata busasshiyar fata ta zo hannun George Shaw, masanin dabbobi da ke aiki a babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Daga Ostireliya aka aiko ta, inda Turawan Ingila ba su fi shekara 11 da kafa zango ba. Fatar tana da gashi mai laushi da kauri, da wutsiya mai faɗi, da ƙafafu huɗu masu tantani a tsakanin yatsu. A wurin da ya kamata a ga hanci da leɓe kuwa, sai ga baki shimfiɗaɗɗe irin na agwagwa.

Shaw ya yi zaton wani ne ke son yi masa wayo, kuma yana da dalili. A wancan zamani akwai masu sana'ar ɗinke gangar jikin biri da wutsiyar kifi, su sayar wa matuƙan jiragen ruwa da sunan wata halittar teku. Ana ba da labarin cewa almakashi ya ɗauka, ya bi gindin bakin nan yana neman zare. Bai ga ɗinki ba. A wannan shekarar ya wallafa bayanin dabbar, wadda yau duniya ta sani da sunan platifus.

Da aka tabbatar dabbar gaske ce, sai wata gardama ta taso: a wane gida za a sa ta?

Gidaje uku na masu shayarwa

Masana sun kasa dabbobi masu ƙashin baya zuwa manyan rukunoni, wato kifaye, da dangin kwaɗi, da masu jan ciki irin su maciji da ƙadangare, da tsuntsaye, sai kuma masu shayarwa. Abu biyu ne manya da ake gane mai shayarwa da su: gashi a jiki, da nonon da uwa ke ciyar da ɗanta. Haihuwa ba ta cikin sharuɗɗan, ko da yake mutane da yawa suna zaton tana ciki, domin duk mai shayarwar da suka taɓa gani haihuwa take yi.

Akwai nau'in masu shayarwa fiye da 6,000 a duniya, kuma gida uku suka kasu. Gida mafi girma shi ne na waɗanda ɗa ke girma a mahaifa yana shan abinci ta cibiya har ya cika halitta, kamar akuya da raƙumi da jemage da ɗan Adam. Na biyu shi ne na masu jakar goyo irin su kangaru, waɗanda ke haihuwar ɗa ɗan mitsitsi, ya rarrafa ya shiga jakar da ke cikin uwarsa ya ƙarasa girma a can. Gida na uku nau'i biyar kacal ne a cikinsa: platifus, da ekidina iri huɗu. Su ne masu yin ƙwai, kuma babu inda ake samun su a daji sai Ostireliya da tsibirin Niyu Gini. Masana suna kiran wannan gida monotirim. Kafa ɗaya gare su a ƙarƙashin wutsiya, wadda fitsari da kashi da ƙwai duk ta nan suke fita, kamar yadda yake ga tsuntsaye da masu jan ciki.

Shekara 85 ana gardama

Mutanen asali na Ostireliya, waɗanda suka yi dubban shekaru suna zaune a bakin kogunan da platifus ke ciki, sun gaya wa Turawa tun da wuri cewa dabbar nan ƙwai take yi. Har tatsuniya wasunsu ke da ita, ta wata agwagwa da ɓeran ruwa ya sace, ta dawo gida ta yi ƙwai, aka ƙyanƙyashe 'ya'ya masu bakin uwa da gashin uba. Amma manyan malaman Turai ba su ɗauki maganarsu a bakin komai ba. Ƙa'idar da suka riƙe ita ce mai nono ba ya yin ƙwai, mai ƙwai kuma ba ya da nono.

Sai suka rabu. Bafaranshe Étienne Geoffroy Saint-Hilaire ya tsaya a kan cewa platifus na yin ƙwai, don haka ba yadda za a yi ya zama mai shayarwa. A shekarun 1820 Bajamushe Johann Meckel ya feɗe macen platifus ya gano hantsar da ke samar da nono, amma Geoffroy ya ce wannan wata gaɓa ce daban. A Ingila kuwa Richard Owen ya yarda akwai nono, sai dai ya ce ƙwan a cikin uwar yake ƙyanƙyashewa, ta haifi ɗa da rai. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi ɗaya rabin.

A 1884 wani matashin masani ɗan Sikotilan, William Caldwell, ya kafa sansani a bakin kogin Burnett a jihar Queensland, ya ɗauki mutanen yankin da dama aikin nemo masa dabbobin. A watan Agusta ya harbe wata macen platifus da ta riga ta saka ƙwai ɗaya, na biyun kuma yana cikinta. Ya buga tangaraho mai kalma huɗu da ke sanar da cewa dabbobin nan ƙwai suke yi, aka karanta shi a taron masana kimiyya na Birtaniya da ake yi a birnin Montreal na Kanada. A cikin wannan watan dai, a kudancin Ostireliya, wani masani, Wilhelm Haacke, ya tarar da ƙwai a jakar wata ekidina. Gardama ta ƙare. Sai dai an biya ta da tsada, domin ekidina fiye da dubu aka kama aka kashe a binciken Caldwell kaɗai, don tabbatar da abin da masu ƙasar suka daɗe da faɗa.

Mafarauci mai rufe ido

Platifus yana zaune a koguna da rafuka da tafkuna na gabashin Ostireliya, daga Queensland mai zafi har tsibirin Tasmaniya mai sanyi. Ba shi da girma: tsawonsa daga baki zuwa wutsiya santimita 40 zuwa 60 ne, nauyinsa kuma da wuya ya wuce kilo biyu da rabi. Da ƙafafun gaba yake iyo, na baya da wutsiya kuma su ne linzami. Idan ya fito tudu sai ya naɗe tantanin yatsunsa, faratan haƙa rami su bayyana. Gashinsa mai hawa biyu yana riƙe iska a kusa da fata, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa yake iya kwana yana nutso a ruwan da ya kusa daskarewa. Ɗumin jikinsa kusan digiri 32 ne, ƙasa da 37 na mutum. A wutsiya yake ajiye kitse, har masu bincike kan matsa ta don su gane ko dabbar tana samun abinci.

Bakin nan da ya rikita Shaw ba shi da tauri irin na agwagwa. Laushi gare shi, fata ce ta lulluɓe shi, kuma shi ne babban makamin platifus. Da zarar ya nutse sai ya rufe ido da kunne da hanci gaba ɗaya. To, yaya yake ganin abinci? Sai a 1986 masana daga Jamus da Ostireliya suka nuna amsar. Duk lokacin da tsokar wata halitta ta motsa, tana fitar da ɗan lantarki kaɗan. A fatar bakin platifus akwai ƙananan kafofi kusan 40,000 masu jin wannan lantarki, da wasu kusan 60,000 masu jin taɓawa da motsin ruwa. Yana tafe yana kaɗa kai hagu da dama a kan laka, ko jatan lande ya ɗan murɗa wutsiya a ƙarƙashin dutse ya san inda yake.

Abincinsa tsutsotsin ƙwari ne da tana da jatan lande da ƙananan halittun gindin ruwa. Yakan yi nutso na rabin minti zuwa minti ɗaya, ya cika kumatu, ya taso sama ya niƙe abincin da wasu faifai masu tauri da ke cikin bakinsa, domin babban platifus ba shi da haƙori. Ba shi ma da tumbi mai narkar da abinci irin na sauran masu shayarwa: maƙogwaronsa kusan kai tsaye yake haɗe da hanji. Yakan shafe awa 10 zuwa 12 yana kiwo, galibi da dare, ya ci abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa.

Namijin yana da ƙaimi a kowace ƙafar baya, haɗe da jakar dafi a cinya. Dafin ya fi yawa a lokacin barbara, abin da ya sa ake ganin don faɗa da sauran maza aka tanade shi. Yana iya kashe kare. Ba a san ya taɓa kashe mutum ba, amma raɗaɗinsa kan yi makonni, kuma ko allurar mofin ba ta cika kwantar da shi ba.

Daga ƙwai zuwa nono

Idan macen platifus ta ɗauki ciki, sai ta haƙa rami na musamman a gaɓar kogi, wanda kan kai mita 20. Tana kwaso jiƙaƙƙun ganyaye a naɗe cikin wutsiyarta ta yi sheƙa a ƙarshen ramin, sannan ta toshe hanyar da ƙasa. A nan take saka ƙwai ɗaya zuwa uku, galibi biyu. Ƙwan bai kai santimita 2 ba, kuma ɓawonsa laushi gare shi kamar na ƙwan ƙadangare. Tana naɗe jikinta ta riƙe su tsakanin ciki da wutsiya har kwana 10, sannan su ƙyanƙyashe.

'Ya'yan suna fitowa tsirara, makafi, ba abin da za su iya yi wa kansu. A nan ne siffar mai shayarwa ke bayyana. Uwar tana da hantsa amma ba ta da kan nono. Ta ƙananan kafofin fatar cikinta nonon ke tsattsafowa, ya taru a gashi, 'ya'yan su tsotse. Haka za su yi wata uku zuwa huɗu a cikin duhun rami kafin su fito su shiga ruwa. Namijin ba ruwansa da reno.

Ɓoyon da suke yi ya sa an daɗe ba a ga wannan da ido ba. Wani masani, David Fleay, ne ya fara samun nasarar sa platifus ya hayayyafa a hannun mutane, a gandun Healesville na jihar Victoria a 1943, kuma an yi fiye da shekara 50 kafin wani ya sake yin haka.

Ekidina mai ƙaya

Duk wanda ya san bushiya, idan ya ga ekidina zai ce 'yar'uwarta ce: ga ƙaya a baya, ga dunƙulewa idan ta ji tsoro. Amma babu dangantaka ta kusa a tsakaninsu, domin bushiya haihuwa take yi. Ƙayar ekidina gashi ne da ya yi kauri ya yi tsini, kuma akwai gashi mai laushi a tsakaninta.

Ekidina mai gajeren baki ta fi kowace mai shayarwa ta asalin Ostireliya yaɗuwa. Ana samun ta a hamada, da kurmi, da duwatsun da ƙanƙara ke rufewa, har da wasu sassan Niyu Gini. Nauyinta kilo 2 zuwa 7 ne. Tururuwa da gara take ci: ta fasa gidansu da faratanta masu ƙarfi, ta zura harshe mai yauƙi da ya kai santimita 18, ta lashe su. Ita ma ba ta da haƙori. Idan maƙiyi ya rutsa ta a ƙasa mai laushi, sai ta haƙa da ƙafafu huɗu a lokaci guda, ta nitse a tsaye, ba abin da za a gani sai tsinin ƙaya. A wurare masu sanyi takan yi dogon barci na makonni, jikinta ya huce, numfashinta ya ragu. Akwai wadda ta yi kusan shekara 50 a gidan ajiye namun daji.

Lokacin barbararta hunturun Ostireliya ne, daga Yuni zuwa Satumba. A sa'an nan akan ga mace a gaba, maza sun jeru a bayanta hanci da wutsiya, wani lokaci har goma, suna bin ta kwana da kwanaki. Bayan barbara da mako uku zuwa huɗu sai ta saka ƙwai ɗaya tak a cikin wata jaka da ke fitowa a cikinta a wannan lokaci kaɗai. Bayan kwana 10 ɗan ya fasa ɓawon da wani ɗan haƙori da ke faɗuwa daga baya. Nauyinsa a ranar bai kai rabin giram ba. Yana zaune a jakar yana shan nono har kusan mako bakwai, lokacin da ƙayarsa ta fara tsirowa. Daga nan uwar ta mayar da shi rami, ta toshe ƙofa, ta tafi kiwo. Takan dawo bayan kwana biyar ko fiye ta shayar da shi ya ƙoshi sosai, ta sake tafiya. A tsibirin Kangaroo, inda mai bincike Peggy Rismiller ta shafe shekaru masu yawa tana bin diddiginsu, sai ɗa ya kai kusan wata bakwai ake yaye shi.

Sauran iri ukun, masu dogon baki, a Niyu Gini suke. Biyu daga cikinsu sun fi mai gajeren baki girma, kuma tana ce babban abincinsu. Ta ukun, wadda aka sa wa sunan mai shirya finafinan namun daji David Attenborough, samfuri ɗaya tak masana suka sani nata, wanda aka samo a duwatsun Cyclops na yankin Papuwa a Indunusiya a 1961. Mutanen yankin sun ci gaba da cewa tana nan. A 2023 wata tawaga ƙarƙashin James Kempton na Jami'ar Oxford, tare da mutanen ƙauyen Yongsu Sapari, ta kafa kyamarori a dajin, aka kuwa ɗauki hotonta tana tafiya, bayan shekara 62 da ganin ƙarshe da masana suka yi mata.

Tsohon gida

Masana sun kiyasta cewa gidan monotirim ya rabu da sauran masu shayarwa fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce. A garin Lightning Ridge na New South Wales an haƙo muƙamuƙin wata dabba ta wannan gida da ta rayu kusan shekara miliyan 100 baya, a zamanin dinaso. A yankin Patagoniya na Ajantina ma an sami haƙorin wani ɗan'uwan platifus mai shekara kusan miliyan 60, shaida ce ta lokacin da Amurka ta Kudu da Antatika da Ostireliya suke manne da juna. Daɗewar gidan ba ta nufin dabbobin sun tsaya cak. Tsofaffin dangin platifus suna da haƙora, na yanzu ya rasa su, ya koma dogaro da baki mai jin lantarki.

Amfani da haɗari

'Yan Ostireliya suna alfahari da dabbobin nan. Hoton platifus ne a kan tsabar kuɗinsu ta santi 20, na ekidina kuma a kan ta santi 5, kuma dukansu biyu suna cikin alamomin wasannin Olamfik da aka yi a Sydney a 2000. Likitoci ma sun sa musu ido. Da yake nonon platifus a kan fata yake zuba inda ƙura da ƙwayoyin cuta ke iya taɓa shi, yana ɗauke da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda masu bincike na hukumar kimiyya ta ƙasar da Jami'ar Deakin suka bayyana tsarinsa a 2018. A dafinsa kuma masana a Adelaide sun gano wani sinadari mai alaƙa da daidaita sukarin jini, wanda ya fi irinsa na jikin mutum daɗewa kafin ya lalace, abin da ya ja hankalin masu neman maganin ciwon sukari.

Duk da haka dabbobin suna cikin matsi. A ƙarni na 19 an kashe platifus dubbai don a ɗinka bargo da fatarsa, sai a farkon ƙarni na 20 aka hana farautarsa. Yau madatsun ruwa suna raba zuri'arsa, sare itatuwan bakin kogi yana rusa gaɓar da yake haƙa rami, tarkunan kama jatan lande kuma suna nutsar da shi, domin dole ne ya taso ya shaƙi iska. Jihar Victoria ta haramta irin wannan tarko a 2019. Farin da aka yi daga 2017 zuwa 2019 ya busar da rafuka da dama, gobarar dajin da ta biyo baya ta cika wasu da toka. Tun 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa platifus a jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Ekidina mai gajeren baki tana da yawa har yanzu, ko da yake motoci da karnuka da kyanwoyin daji suna kashe ta. Masu dogon baki ne abin ya fi tsananta a kansu saboda farauta da sare daji, kuma iri biyu daga cikinsu suna gab da ƙarewa.

Ana ƙoƙarin gyara. A watan Mayun 2023 an saki platifus 10 a gandun dajin Royal da ke kudu da Sydney, inda aka yi kusan shekara 50 ba a gan su ba. A shekarar da ta biyo baya masu bincike suka kama wata ƙaramar mace da aka ƙyanƙyashe a can, suka auna ta suka mayar da ita kogin.

Tambayoyi

1. Waɗanne siffofi biyu ne ake gane dabba mai shayarwa da su? Me ya sa ba a sa haihuwa a cikinsu ba?
2. Ambaci gidaje uku na masu shayarwa, tare da misali ɗaya daga kowane gida.
3. Yaya platifus ke gano abincinsa a cikin ruwa alhali idonsa a rufe yake?
4. Kwatanta yadda platifus da ekidina ke kula da ƙwansu da 'ya'yansu. Ina suka yi kama, ina suka bambanta?
5. Faɗi abubuwa uku da ke barazana ga platifus a yau.

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku, ku tattauna dalilin da ya sa malaman Turai suka yi shekara 85 kafin su yarda da abin da mutanen asali na Ostireliya suka sani. Sannan kowane rukuni ya zaɓi dabba ɗaya ta yankinku, ya tambayi wani mafarauci ko masunci ko makiyayi yadda take hayayyafa da yadda take renon 'ya'yanta, ya rubuta amsar a jimla biyar don karantawa a aji na gaba.